Zagayen da Na Sace wa Baba Sale Kuku

Samarin unguwarmu ta Jarwal, a nan garin Makka, suna da wata magana, wai turin arabiya a Harami ba sana'a ba ce, duk mai hannu biyu zai iya. Da Larabci suke faɗa, suna zaton kunnena ya tsufa, alhali ina jinsu sarai. Arabiya dai ita ce keken da ake ɗora tsoho ko mara lafiya a yi masa ɗawafi da sa'ayi, kuma a bayanta na ƙarar da ƙuruciyata har gwiwa ta ce ta gaji. Ku da kuke ganin motocin lantarki suna sulalawa a bene kuna cewa aiki ya zama wasa, ku matso ku ji. Nauyin mutum kowane ƙato zai iya turawa. Abin da ke hana mai turi barci shi ne ƙidaya.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Baba Manu, wani Basakkwace da ya zo ƙasar nan a ƙafa ta Sudan tun yana saurayi. Shi bai fara da keke ba. A zamaninsu shibiriya ake yi, wani gadon katako da ƙarti huɗu ke ɗauka a ka, alhaji na zaune a sama suna sassarfa da shi a kewayen Ɗakin Allah. Tsakiyar kansa ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi, gashi bai sake tsirowa a wurin ba. Ran da na je wurinsa, ina sabon takari, wato wanda ya zo aikin Hajji ya maƙale ba takarda, bai ɗora mini mutum ba. Bokiti ya cika da ruwa har baki, ya aza a kujerar keken, ya ce in gangara da shi daga ƙofar gidansa zuwa titi in dawo. Na dawo da rabi. Ya leƙa bokitin ya ce, "Ka kashe alhaji guda." Na yi sati biyu ina kashe alhazai kafin ya yarda in taɓa mai rai.

A hannunsa na koyi cewa a gangare ana juya keke a sauka da baya, in ba haka ba tsoho zai zame ya kifa a gabanka. Na koyi naɗe ƙarfen matakin ƙafa da tsumma, domin shi ke cizon dunduniyar mutane a cunkoso, kuma wanda aka ciza ba ya tuna yana cikin harami kafin ya juyo. Safa biyu ake sakawa, ɗaya a kan ɗaya, saboda dutsen ƙasa yana cin tafin ƙafa, in kuma masu shara sun wanke shi sai ya zama santsi. Ko kiran hanya sai da aka koya mini. "Tarik, ya Hajji, tarik!" Idan ka ɗaga murya da yawa ka firgita na kan keke, idan ka sassauta da yawa ba mai matsawa.

Amma kayan aikin da ya fi komai shi ne mafi ƙanƙanta: zare mai ƙwayar carbi bakwai, ɗaure a mariƙin dama. A bene, inda kekuna ke bi, akwai koriyar fitila daidai saitin Hajarul Aswadi. Nan zagaye ke farawa, nan yake ƙarewa. Dokar Baba Manu ita ce ƙwaya ba ta motsi sai a ƙarƙashin fitilar, sai alhaji ya ɗaga hannu ya yi kabbara, sannan ka tura guda ɗaya, ka faɗi adadin da ƙarfi ya ji. Ya taɓa kama ni ina wasa da ƙwayoyin da yatsa muna hira a gida, ya make mini hannu da mafici. Ya ce abin ba na wasa ba ne ko a bakin tabarma.

Na tura mutane iri-iri. Akwai tsofaffin matan Indonisiya, marasa nauyi kamar kwando, da littafinsu na addu'a a hannu, ba ruwansu da kai har a gama. Akwai ƙattin alhazai masu ciwon ƙafa da za su riƙa yi maka tuƙi da baki, bi nan, kauce can, kamar su suka gina masallacin. Namu na gida kuwa, kafin zagaye na biyu sun tambaye ka garinku, da sunan mahaifinka, da ko ka san wata Hajiya da ta zo shekarun baya ba ta koma ba. Duk waɗannan da sauƙi, domin suna ƙidaya tare da kai, wani ma har ya yi maka gardama. Wanda ya fi ban tsoro shi ne makaho da mai gyangyaɗi. Shi ya miƙa maka ibadarsa gaba ɗaya, abin da ka ce shi ke nan.

Masu turi kashi biyu ne. Akwai masu riga mai lamba, waɗanda hukuma ta ba izini, akwai kuma irinmu. Mu jallabiya mai tsabta muke sakawa, mu haddace sunan alhaji da garinsu tun a masauki, in an tare mu sai mu ce, "Hada abuya," wato mahaifina ne, domin ba a hana ɗa tura ubansa. Yawancin shekaru ana kau da kai. Amma akwai shekarar da aka tsananta, wadda har yau tsofaffin Jarwal ke kira shekarar kwashe kekuna. Masu sa ido suka cika bene, kekunan da aka ƙwace suka yi tsibi a bayan ƙofa, mutumin da kuka yi sallar asuba tare sai ka ji da azahar yana gidan tarhil, inda ake tsare wanda za a mayar ƙasarsu. Ni ma a shekarar aka tusa ƙeyata. Matata Hajara ta haihu ba na nan, na yi shekaru a Kano kafin Allah Ya buɗe mini hanya na dawo da takarda. Yadda aka yi aka kama ni shi ne abin da nake so ku ji.

Ranar Tasu'a ce, tara ga Muharram, da hantsi, aka kira ni wani masaukin alhazan Najeriya a Misfala. Hajji ya wuce da wata guda, amma jirgi bai gama kwashe mutanenmu ba. Aka nuna mini wani tsoho siriri a bakin gado, yanar ido ta rufe masa duka biyun, sai dai ya bambance haske da duhu. Sunansa Baba Sale, mutanen Jos na ce masa Sale Kuku. Zazzaɓi ya kayar da shi a Mina, aka wuce da shi asibiti, sai a satin aka sallamo shi. Ya yi Arfa, ya yi sa'ayinsa tun zuwa, an yi masa jifa, har ragon fansar jinkirta ɗawafi an yanka masa. Abu ɗaya ya rage, ɗawafin ifada, wanda in babu shi babu Hajji. Washegari kuma motarsu za ta tashi zuwa Jidda.

"Yaya sunanka?" ya tambaye ni.

"Haruna, Baba."

"To Haruna, fitilar nan da ake faɗa ni ba ganinta zan yi ba. Kai ne idona, kai ne lissafina."

Na ce masa in an tare mu ya ce shi mahaifina ne. Ya ɓata fuska ya ce, "Ƙarya kuma, a Ɗakin Allah?" Na ce ai a shekaru ya haife ni. Ya yi 'yar dariya, bai ce e ba, bai ce a'a ba. A bakin titi tayar gaba ta faɗa wani rami ya girgiza, ya daka mini tsawa, "Kai! Buhun gero ka ɗauko?" Na ba shi haƙuri muka wuce.

Zagaye huɗu na farko lafiya lau. Tun a na uku maganin asibiti ya fara fizgarsa, kansa na langaɓewa, sai mun iso fitila in taɓa kafaɗarsa ya ɗaga hannu ya yi kabbara ya koma. A ƙarshen na biyar na hango su. Masu sa ido uku da askar guda, wato ɗan sandan Harami, suna tsaye taku kaɗan gaba da koriyar fitila, a gefensu masu turi biyu da na sani, an jingine kekunansu a bango. Ba hanyar kaucewa. Na tura ƙwaya, na ce "Biyar," na sunkuyar da kai na wuce ta gabansu. Ɗaya daga cikinsu bai dubi fuskata ba. Ƙafata ya duba. Safa biyu, dunduniya a cinye. Ɗan da ya kawo ubansa ba ya saka irin wannan safa. Ina wucewa na ji ya yi magana a oba-oba.

Zagayen bene yana da tsawo, kuma ban taɓa jin tsawonsa kamar na shidan nan ba. Hajara tana da tsohon ciki, ga 'yarmu ta fari ko yaye ba a yi ba, kuma in an ɗauke ni ba wanda zai gaya musu sai yamma. Bakina yana "Rabbana atina," zuciyata tana lissafin ƙofofi. Da muka zagayo na hango fitilar, na hango su suna nan, askar ɗin ya matso tsakiyar hanya. Kafin a kai gare su, a hannun dama, ga gangaren fita. Na taɓa kafaɗar Baba Sale ya yi kabbara. Babban yatsana ya tura ƙwaya biyu a tare. Har yau ina jin ƙarar haɗuwarsu.

"Bakwai, Baba. Alhamdu lillahi."

"Har an gama?"

"An gama."

Ya ɗaga hannuwa sama ya fashe da kuka. Na juya keken na sauka da baya, na kai shi bayan wani ginshiƙi a ƙasa ya yi raka'a biyu, na ɗebo masa Zamzam. Ba wanda ya biyo mu.

A hanyar komawa ya ce in tsaya a inuwa ya huta. Ya ce in sayi lemo mu sha, na ce ina azumin Tasu'a.

"Ashe gobe Ashura," in ji shi. "Yau a gida ana can ana shirin cika-ciki. Asibiti ya ɓatar mini da kwanakin wata." Sannan ya ce, "Zauna in ba ka labari, ɗana. Ka san me ya sa ake ce mini Kuku?"

Ya ce yana saurayi ya yi wa wani Bayahude girki, injiniyan wani kamfanin hanya a wajen Jos. Mutum ne mai faɗa, mai saurin hannu wajen nuna yatsa, kuma ba wani mai ibada ba ne a sauran kwanaki. Amma akwai rana ɗaya a shekara, wajen ƙarshen damina, da yake zama wani mutum dabam. Yom Kifur suke ce mata, goma ga watansu, ranar kaffara.

"Tun la'asar ta jajiberi zan dafa masa kaza da shinkafa, ya ci kafin rana ta faɗi. Daga nan shi ke nan. Ba sahur, ba ruwa, har sai rana ta sake faɗuwa taurari sun fito. Namu azumin ai da hutu a tsakiya, nasu kwana da yini ne cur. Ba ya wanka, ba ya shiga mota, ba ya taɓa makunnin wuta. Ya cire takalmin fata ya sa na roba, ya sa fararen kaya sak kamar likkafani. Shi da 'yan'uwansa Yahudawa su taru a gidan ɗayansu, sai sun cika goma. Ina leƙe ta taga, suna tsaye da littafi suna rangaji, suna dukan ƙirji da dunƙulallen hannu, suna lissafa zunubansu ɗaya bayan ɗaya. Ƙato da gemu yana hawaye. Sai dare ya shiga a busa ƙahon rago, sannan su sha ruwa."

Na ce, "Tsoron me suke ji haka?"

"Na tambaye shi. Ya ce a wurinsu ran nan ake rufe littafi a buga hatimi. Wanda zai kai baɗi da wanda ba zai kai ba, wanda ruwa zai ci da wanda wuta za ta ci. Kafin faɗuwar rana ƙofa a buɗe take, in ta faɗi an rufe. Ko ita ce ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar suna azumi a Madina, wannan malamai sun fi ni sani. Ni dai abin da na gani da idona nake faɗa maka, lokacin ina da idon."

Ya gyara zama. "Wata shekara agogonsa ya ɓata, ya tara ma'aikata ya kira ni ɓarawo a gabansu. Bayan kwana biyu aka tsinci agogon a aljihun rigar ruwansa. Bai ce mini komai ba, ni ma na haɗiye. Ana gobe azumin nasu, ina ɗakina a bayan gida ina fige kaza, sai ga mutum a ƙofa, hula a hannu. Maigida da kansa, a ɗakin kuku. Ya ce, 'Sale, na zalunce ka, ka yafe mini.' Na ce ai ya wuce. Ya ce a'a, sai na furta. Ya ce azumin gobe yana wanke abin da ke tsakaninsa da Ubangiji, amma abin da ke tsakaninsa da Sale ba ya taɓa shi, sai Sale ya ce ya yafe. Na ce a raina, mu ma ai haka malamai ke faɗa kullum, amma ban taɓa ganin wanda ya tako ba. Tun daga shekarar, duk jajiberin Ashura sai na bi mutanen gidana da maƙwabta ɗaya-ɗaya."

Sai ya laluba ya kamo hannuna a kan mariƙin keke, daidai kan zaren ƙwayoyin.

"Bana ba kowa kusa sai kai. Ɗazu na yi maka tsawa a titi, kana azumi kana ɗauke da ni. Haruna, ka yafe mini."

Na ce, "Na yafe, Baba." Abin da na iya faɗa ke nan. Na kai shi masauki, na taimaka masa ya hau gado, abokan ɗakinsa suna ta "Barka, Alhaji, Allah Ya karɓa," na naɗe kekena na fita kamar ana kora ta.

Da asubar Ashura limamin unguwa ya tunatar da mu cewa azumin ranar yana kankare zunubin shekarar da ta wuce. Kowa ya ce Allahu Akbar cikin murna, ni kuwa sanyi ya ratsa ni har ƙashi. A zuciyata na ga Baba Sale ya sauka a Jos, an tare shi, ana ce masa Alhaji, ya zauna da iyalinsa alhali haraminsa bai gama warwarewa ba, ya mutu yana zaton ya sauke farali. Na ga ranar da za a tashe mu a ce masa Hajjinka da saura, ya ce wa ya ƙidaya, a nuna ni. Kuma shi makaho ne yanzu, amma ran nan da ido zai tashi.

Gari na wayewa na tafi wurin Baba Manu na faɗa masa komai.

"Ni ban koya ma sata ba," ya ce. "Da kuɗɗinai ka ɗauka da ya hi sauƙi. Tashi ka tahi ka biɗo shi."

"Baba, suna nan a bene. Sun ga ƙafata."

"Na jiya. Tahi."

Na isa Misfala na tarar ɗakin wayam, sai katifu da robobin ruwa. Mai gadi ya ce tun da sassafe aka kwashe su zuwa Kudai, can za su hau manyan motocin Jidda. Kudai kuwa a irin wannan lokaci askar ya fi direba yawa. Na tsaya a bakin titi da keke a naɗe a hannu, wanda shi kansa shaida ne a kaina, na ce a raina ai na zo, Allah Ya ga na zo, ban same shi ba. Na yi taku biyu zuwa gida. Sai ƙafar ta ƙi. Na tari mota zuwa Kudai.

Motoci a jere sun fi ƙarfin ido, duk iri ɗaya, injuna na ruri. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina leƙa ƙofa ina kira, "Baba Sale Kuku na Jos!" A wata mota can ƙarshe wata hajiya ta ce, "Ga shi nan a tsakiya." Na hau, na bi ta kan jakunkuna da jarkokin Zamzam, na durƙusa a gabansa a tsakanin kujeru. Ya sa sabuwar hula da farin rawani a kafaɗa.

"Baba, Haruna ne, mai turi."

"A'a, ɗana! Bankwana ka zo?"

"Baba, ɗawafinka bai cika ba. Shida muka yi. Na ce maka bakwai."

Motar ta ɗauka gaba ɗaya, wani na salati, wani na cewa ɗan takari ai sai a hankali, wata na cewa Allah Ya isa. Baba Sale bai motsa ba. Fararen idanunsa suna kallon saman kaina.

"Mantuwa ka yi?"

"A'a. Ina sane."

"Me ya sa?"

"Tsoro, Baba. Masu kama mu suna gaba."

Ya cire rawanin daga kafaɗa ya ninke shi a cinya. Ya ce, "Ku sauke ni."

Jami'in alhazai ya shigo da takardu a hannu yana faɗa, ya ce fasfo ya riga ya tafi Jidda, jirgi ba ya jiran kowa, wa zai ɗauki nauyin tsoho mara lafiya. Baba Sale ya ce, "Wa jirgin zai kai gida? Ba alhaji a kujerar nan." Aka yi ta ja, malamin ayarin ya sa baki ya ce gaskiyar tsohon ce, kuma tunda an kwana, sai an sake daga farko. A ƙarshe jami'in ya soke sunansa da biro ya ce sai ayarin ƙarshe, ya harare ni kamar ya cinye ni. Muka sauko da shi, na buɗe keke na zaunar da shi. Na sake durƙusawa na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Kai ni tukuna," ya ce. "Kuma kwance abin ƙidayar nan ka ba ni."

Bayan sallar azahar muka hau bene. Harshena ya manne da ganɗa, azumi ga gudun safe. Wannan karon bai yi gyangyaɗi ba. Yana zaune tsaye kyam, zaren a yatsunsa, ni in ce "Fitila," shi ya yi kabbara ya tura ƙwaya ya faɗi adadin da bakinsa. Masu sa idon suna nan a inda suke jiya. Na wuce su sau ɗaya, sau biyu, sau uku, kowane wucewa ina jin bayan wuyana kamar an ɗora masa garwashi. A ƙarshen na huɗu hannu ya sauka a kafaɗata. Askar ne, matashi mai ɗan gashin baki.

"Fen tasarih?" Wato ina takardar izini.

Kalmomin "Hada abuya" suka zo har bakina. Na dubi ƙeyar tsohon, na kasa. Na ce ba ni da izini, ba ni da iƙama, takardar zama a ƙasar. Na ce wannan ɗawafin ifada ne, tsoho ne makaho, jiya na tauye masa, yau ya bar jirginsa saboda shi. "Baƙi talata," na ce, saura uku. "Bayan nan ka yi abin da za ka yi."

Baba Sale ba ya jin Larabci, amma ya gane. Ya ɗaga zaren sama, huɗu a gefe ɗaya, uku a ɗaya gefen. Askar ɗin ya dubi ƙwayoyin, ya dubi abokan aikinsa, ya ja tsaki a hankali.

"Kammil," ya ce. Ƙarasa.

Ya bi mu kafaɗa da kafaɗa, oba-obarsa na ƙara a kunnena. Duk rayuwata ina roƙon zagaye ya gajarce, ran nan na roƙi ya ƙara tsawo. Na biyar ya wuce, na shida ya wuce. Da muka shiga na bakwai, wanda na sace, ban iya ko addu'a ba, sai tura keke kawai da kiran hanya da muryar da ba ta fita. Muka iso ƙarƙashin koriyar fitila. Na ce, "Fitila, Baba." Ya ɗaga hannu ya yi kabbara, ya tura ƙwayar ƙarshe, ya ce "Bakwai" da ƙarfin da ya sa mutane suka waiwayo.

Na janye shi gefe, na fuskantar da shi Ɗaki, na danne birki biyu, na gyara masa ƙafafu a kan mataki. Na zagayo na sunkuya daidai kunnensa.

"Baba, yanzu ka yafe mini?"

Amma ya riga ya ɗaga hannuwa. "Allahu Akbar." Ya shiga raka'a biyun ɗawafi.

Askar ya kama tsintsiyar hannuna. Na ce ya bari ya yi sallama, raka'a biyu ce kawai, magana ɗaya nake jira. Ya ce, "Kalas, yalla," wato ya isa, mu tafi. Ya yafito wani mai riga mai lamba ya zo ya tsaya a bayan kekena, ya gaya masa ya mayar da tsohon wurin mutanensa. Aka ja ni zuwa gangaren fita. Ina tafe ina waiwaye, mutane na shiga tsakaninmu suna fita. Ganina na ƙarshe da shi, ya sunkuyar da kai a ruku'in raka'ar farko, zaren yana rataye a yatsansa, bai san ma na bar bayansa ba.